Zakin Ijora a Makka

Rusaifa, Makka
9 ga Muharram, 1438

Zuwa ga aminina Malam Lurwanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maryama da yara da jama'ar masallacinka. Yaya ƙafar nan taka, ta bar kumburi? Mu nan sai godiyar Allah. Rahama tana gaishe ku. Alhazai sun fara watsewa, gari yana dawowa hannun masu shi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na san wayarka ta gidan ce gaba ɗaya, duk saƙon murya da na aiko maka a tsakar gida ake sauraronsa har da awaki. Wannan maganar kuwa ta mutum biyu ce, shi ya sa na liƙe ta na ba Alhaji Mukhtaru da zai bi jirgin ƙarshe.

Albishir tukuna. 'Yarka Afnan ta samu miji. Sunansa Ayman, ɗan Ammu Dawuda na Utaibiyya. Hausawa ne, amma tun kakan kakansu suke nan, suna da takardar ƙasa, Hausarsu ma sai ka kasa kunne. Yaron yana da hankali, kuma ita ta kawo shi, ba ni ba. Sun shigar da takardar neman izinin aure, ka san ɗan ƙasa ba ya aurar 'yar mai iƙama, wato takardar zaman baƙo, sai hukuma ta sa hannu. In ta fito za a ɗaura bayan Rajab. Ka duba fa, Lurwanu. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, na shigo garin nan da jaka ɗaya, na share warsha, wato shagon aikin wani, shekara shida kafin in riƙe zarto, yau tagogin alminiyam ɗina suna jikin benaye sun fi ɗari daga nan har Aziziyya. Ba wanda ya ba ni sisi. Yanzu ga gidan da ake tashi a ba su wuri a walima sun zo neman 'yata.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Ka tuna zakin.

Na san ka tuna, tunda kai ka kai ni. Ijora ta Legas, shekarar da na yi kaye bakwai a dambe, aka fara ce mini Zaki. Kai ka ce ka san wani ɗan Ghana ma'aikacin jirgin ruwa da ke zane a jiki da allura da tawada, ka ce mu je a yi mana tare. Zama biyar na yi a kan bencinsa, naira ɗari da hamsin, kana danne mini ƙafafu. Geza a kafaɗar dama, hannun da nake ɗaurewa, jiki ya bi baya, wutsiya har ƙugu. Da layi ya zo kanka ka ga jini, ka ce za ka zaga bayi. Yau shekara ashirin da takwas ba ka dawo daga bayin nan ba, ga ka limami da fatarka sumul.

Duk zamana a Makka Rahama kaɗai ta san da shi. Yarana ba su taɓa ganina ba fanila ba. In na sa harami sai in maƙale mayafin da fil, in wani ya ce in buɗe kafaɗar dama wurin ɗawafi, in ce mu Malikiyya ne, ba ma yi. Shekara ashirin da biyu wannan amsar tana yi mini aiki.

Amma Ammu Dawuda yana da wata al'ada. Duk wanda zai haɗa zuri'a da shi, sai sun fita Masallacin Nana A'isha tare sun ɗauko Umra a watan Rajab. Kuma tsohon nan shekara arba'in ya yi yana jan alhazai ɗawafi, ba ya iya ganin mayafi a kafaɗar mutum bai kai hannu ya gyara ba. Har limami na ga ya gyara wa. Shi ba za ka ce masa Malikiyya ba.

Don haka na je Jidda wurin wani likitan fata ɗan Masar. Ya ce ana gogewa da leza, wata wuta ce a inji. Ya ce fatarmu baƙa ce, sai an bi ta a hankali: zama goma ko sha biyu, tsakanin kowanne wata biyu, riyal dubu da ɗari huɗu duk zama. Abin da na saya naira ɗari da hamsin! Na ce masa wata shida gare ni. Ya yi dariya ya ce ba taga yake haɗawa ba. Ban so dariyar nan ba, amma na yi zaman farko ranar Talata.

Ka sa ni a addu'a, kuma ka ƙona takardar nan.

Naka har kullum,
Sabitu


Rusaifa, Makka
20 ga Jimada Awwal, 1438

Aminina Lurwanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da iyali baki ɗaya. Na ji Rumasa'u ta sauka lafiya, Allah ya raya, ka zama kaka kafin ni. Amsarka ta iso ta hannun mai Umrar nan ɗan unguwarku, na gode da kilishi.

Na karanta nasiharka. Ka ce wanda ya tuba ya tuba, in bar fatata yadda take, in kuma abin ya dame ni in ja tsohon gefe in gaya masa gaskiya. Malam, da sauƙi a bakinka. Kai a Gusau kake, inda aka san ubanka da kakanka. Ni nan ba ni da kowa sai sunan da na gina da hannuna. A garin nan baƙin mutum mai iƙama, kuskure ɗaya ya ishe shi. In an ce Abu Afnan, ana nufin mutumin da ke sahun farko, wanda ake kira rabon faɗa tsakanin 'yan Najeriya. Kana so in je gaban mutanen da suke kallonmu ta gefen ido in ce musu ni tsohon ɗan damben Legas ne mai dabba a baya? Su da ko tsagar gado suka gani a fuskar mutum sai sun taɓa juna?

Bari in ba ka labarin inda aka kwana. Zama biyu na yi wurin ɗan Masar. Zafin ba ya faɗuwa, kamar ana watsa maka tafasasshen mai ɗigo-ɗigo, ga ƙaurin gashi ya cika ɗaki. Na ciji tawul, ban yi ko tari ba, har yaran asibitin suna leƙe. Amma bayan wata uku zaki yana nan, ɗan dusashewa kawai ya yi kamar rigar da aka wanke sau biyu. Na ce a ƙara wuta, ya ƙi. Na ce a rage tsakani, ya ƙi. Na ce kuɗina ne, fatata ce. Ya ce lasisinsa ne.

Ka san ni, ba a ce mini jira. Ko gilashi na yi oda aka ce mako uku, sai na nemo mai kawowa a kwana biyar. Wanzamin da ke mini aski ya haɗa ni da wani mutum a wani gida a Jidda, ba asibiti ba ne, amma injinsa ya fi na likitan girma. Ya duba bayana ya ce wannan aikin zama shida ne, duk mako biyu, riyal dubu biyu kowane zama. Na taya dubu da ɗari bakwai, ya sallama. Ka ga mai son aiki ke nan. Zama huɗu na yi zuwa yanzu.

Ba zan ɓoye maka ba, ina shan wuya. Bayana ya tashi bororo, wani kamar ƙwan kaza. Rub-da-ciki nake kwana. Rahama ce ke shafa mini magani tana canza auduga, tana yi tana faɗa, wai ba ta taɓa ganin mutum ya biya kuɗi an gasa shi ba sai ni. Yara na ce musu ciwon baya ne, kuma Jidda sayen kaya nake zuwa. Rannan Afnan ta kawo mini shayi ta dafa kafaɗata, na zabura har kofi ya faɗi. Ta tsorata, ta ce za ta raka ni asibiti. Na daka mata tsawa. Ban taɓa yi mata haka ba, har yanzu abin yana cina.

Motar da na yi niyyar canzawa kafin biki na fasa. Ba komai. Yanzu ciwon ya fara yin ɓawo, mutumin ya ce in ɓawon ya zube sabuwar fata ce a ƙasa kamar ta jariri. Saura zama biyu, in huta wata ɗaya, Rajab ya same ni da kafaɗa irin taka.

Takardar izini ta fito, na manta ban faɗa maka ba. Afnan har rawa ta yi a falo.

A gaida kowa da kowa.

Amininka,
Sabitu


Rusaifa, Makka
27 ga Rajab, 1438

Lurwanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Gaisuwar yau gajeriya ce, mai tafiyar yana jirana a ƙofar warsha.

Ɓawo ya zube. Tawadar ta tafi, wannan kam bai yi ƙarya ba. Amma ta tafi da launin fatata. Duk inda allurar ɗan Ghana ta bi, yanzu fari ne tas kamar an zana da alli. Da baƙi ne a kan baƙi, sai ka matso ka ƙura ido. Yanzu daga tsallaken titi za ka gane shi, har haƙora. Kusan riyal dubu goma sha uku na kashe don in mai da baƙin zaki fari. Na koma wurin ɗan Masar, ya duba da kyau, sannan ya ce launin ko ya dawo bayan shekaru, ko kada ya dawo. Na ɗauka zai yi dariya, bai yi ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Mai gidan Jidda kuwa wayarsa a kashe, ƙofarsa da kwaɗo.

Ranar goma sha biyu ga wata muka fita Umra, ni da Ammu Dawuda da Ayman da yayyensa biyu. Na sa fil har uku. A mota lafiya, a Masallacin Nana A'isha lafiya. Muka shiga Harami bayan la'asar, muka tsaya daidai inda ake fara ɗawafi. Tsohon ya juyo ya dube ni, ya ce haba surukina, haka za ka gaida Ɗaki a ƙunshe kamar mai jego? Kafin in buɗe baki da Malikiyyata ya zare fil ɗin, ya zura mayafin ta ƙarƙashin hammatata.

Gezar ce kawai ta fito, ba duka ba. In ba ka ga sauran ba, ba za ka ce zane ne ba. Fararen tabo ne barbaje daga kafaɗa zuwa dantse. Na ga hannunsa ya tsaya. Na ga yayyen Ayman sun dubi juna. Muka yi zagaye bakwai, ni kuwa ban san me na karanta ba.

Washegari Nuriyya, uwar Ayman, ta kira Rahama. Wai ashe ina da bahag, wannan farin ciwon fatar da mutanen nan suke tsoro kamar wuta, suna cewa yana bin jini. Wai me ya sa aka ɓoye musu. Wai ita ba za ta ɗauki jika mai dabbare-dabbare ba. An ɗage ɗaurin aure sai abin da hali ya yi.

Yau kwana goma sha biyar. Afnan ba ta fita, abinci sai an matsa mata. Rahama ta bar yi mini magana sai da ido. Na san abin da za ka ce: in je in tuɓe riga su ga ba ciwo ba ne. To tsaya ka ji. Ciwo daga Allah ne, ba wanda zai zage ni a kansa. Mai ciwo ana tausaya masa, ana ba shi wuri. Amma zane, wanda aka tsine wa mai yi da wanda aka yi wa, a jikin mutumin da ke zaune a Makka? Gobe labarin ya kai Aziziyya, har masu wanke-wanke a otel su ɗaga mini gira. Kuma ba an ce mutum ya rufa wa kansa asiri a kan abin da Allah ya rufa masa ba? Kai ne malami, ka gaya mini in ba haka ba ne. Ina ganin in na ɗan ƙara haƙuri, yaron zai shawo kan uwarsa. In yana sonta da gaske ai tabon kafaɗar wani ba zai hana shi ba. Wannan ma gwaji ne a gare shi.

Wani lokacin in na kwanta sai in ji haushinka, wallahi. Da ka bar ni na ci kuɗin damben nan a tsire.

Naka,
Sabitu


Rusaifa, Makka
24 ga Ramadan, 1438

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Lurwanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barkanku da shan ruwa, yaya ibada, yaya tafsiri? Ina fata Maryama da yara da jaririn Rumasa'u duk suna lafiya. Amsarka ta zo, layi huɗu, ko gaisuwa ba ka cika ba. Ban ji haushi ba. Kafin ta iso ma an riga an gama.

An ɗaura auren Afnan ranar ashirin ga Sha'aban, ta tare a Utaibiyya. Kada ka yi saurin yi mini barka, ka karanta zuwa ƙarshe.

Kwana huɗu bayan na aiko maka da waccan takardar, na dawo cin abincin rana na tarar da Rahama zaune a kicin ba ta ɗora komai ba. Ta ce Nuriyya da ƙanwarta sun zo da safe. Sun ce in ana so magana ta tashi, sai sun duba yarinya da idonsu. Suka shiga ɗaki da ita suka rufe ƙofa. Suka sa ta cire kaya. Hannuwa, baya, ciki, tsakanin yatsu, har kitsonta suka tsefe suna duba fatar kai, kamar masu taya tunkiya. 'Yata, Lurwanu. Wadda ko likita namiji ban taɓa bari ya gani ba. Da suka gama suka ce yanzu dai babu, amma wa ya san gaba.

Ko takalmi ban canza ba na tafi Utaibiyya. Na tarar da Ammu Dawuda a majalisinsa da 'ya'yansa da wasu baƙi biyu suna shan gahawa. Na so in ce a ba mu wuri, na ga in na jira zan fasa. Na yi sallama, na cire jallabiya, na cire fanila, na juya musu baya. Na ce ga bahag ɗin nan, ku duba da kyau, yana da wutsiya.

Sai na ji tsohon ya fashe da dariya, har da tari, har sai da aka ba shi ruwa. Ya taso ya sa tabarau yana bi da yatsa yana tambaya, wannan kunne ne ko ƙafa? Ya ce shi a shekara arba'in na jan ɗawafi ya ga macizai da jiragen ruwa da sunayen mata a kafaɗun alhazai, bai taɓa korar kowa daga Ɗakin Allah ba. Ya ce da na faɗa masa tun farko, da shi da kansa zai ɗaura mini mayafin yadda ba mai gani. Ka ji fa. Riyal dubu goma sha uku da wata shida na rub-da-ciki.

Abin da na ji tsoro ya faru, amma rabi. Labari ya zaga. Yanzu daga Utaibiyya har Rusaifa ba mai ce mini Abu Afnan, sai Abu Asad, uban zaki. Masu kawo mini gilashi suna yin gurnani in na juya. Rannan an yi rikici tsakanin wasu 'yan Kano biyu, ba a kira ni ba, wani tela aka kira. Na ji zafi, amma na ga ashe mutum yana ci yana sha da wannan.

Ga wanda ban iya haɗiyewa ba. Ranar da za a kai ta, ta bi manya ɗaya bayan ɗaya tana sumbatar kansu yadda ake yi a nan. Da ta zo kaina ta tsaya. Na ɗauka kunya ce ko kuka. Na ce mata a hankali ta yafe mini abin da na yi da ƙuruciya. Ta ce, Baba, zakinka bai dame ni ba, tun kwana na uku bayan Umrarku Mama ta gaya mini. Ta ce ta yi shiru ne tana jira ta ga yaushe zan tashi da kaina. Ta ce ko da matan nan suke tsefe mata kai ta san kalma ɗaya za ta faɗa su ƙyale ta, amma sirrina ne, ba nata ba, ba za ta tona ni ba. Sannan ta ce, kwana goma sha tara ka ɗauka, Baba. Ta sumbaci hannuna sama-sama ta wuce.

Ita ta tsaya tsirara a gaban baƙi don ta rufe ni. Ni na zauna da rigata ina ce maka gwaji ne ga yaron.

Tun da ta tare tana kiran uwarta kullum. In Rahama ta miƙo mini waya, sai ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi bayana, ta ce a ba Mama. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, da ma ta yi. Sau biyu cikin azumin nan na sayi dabino da kayan buɗa-baki na tafi gidansu. Na farko na juyo daga bakin titi. Na biyu na hau har hawa na biyu, na ji muryarta tana dariya da mijinta, na ajiye ledar a ƙofa na sauko.

Lurwanu, kada ka aiko mini da aya, na san su. Ka san ni tun muna kwana a kan kwali ɗaya, ka san ban taɓa ce wa ɗan Adam ya yi haƙuri ba, ko kafilina, Balaraben da iƙamata take hannunsa. Ka rubuto mini a sarari, da Hausar da zan gane: in uba ya hau benen nan ya ƙwanƙwasa, 'yarsa ta buɗe, me yake fara cewa? Sallah saura kwana shida, kuma ita za ta zo gaishe ni in ban riga ta ba. Ba na so ta riga ni. Wannan karon ka kira ni a waya, ko a tsakar gida ne, kowa ya ji.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya sa muna cikin 'yantattu.

Ɗan'uwanka,
Sabitu